Yadda ake girki ba nama ba kifi a Legas kuma a suɗe kwano

Ni fa da can in tukunya ba ta ƙamshin nama gani nake kamar ban ɗora sanwa ba. Ga mu zaune a Agege, mayankar Oko-Oba nan kusa da mu, duk yamma maigida in zai dawo sai ya riƙo 'yar leda, ko kayan ciki ne ko ƙashi mai ɓargo. To sai abu biyu suka haɗe mana lokaci guda, aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 komai ya tashi sama, kuɗin da ke sayen nama na kwana uku ya koma ko na wuni ɗaya baya kaiwa, sannan ga likita ya ce wa maigida ya ja baya da jan nama. Sati biyun farko wallahi miyata kamar ruwan wanke kwano, yara su tsoma hannu su kalle ni su kalli juna. A nan ne na tuno kakata a ƙauyenmu can wajen Zariya, wadda nama a gidanta sai ranar kasuwa ko Sallah, amma in ta kaɗa miyar kuka har maƙwabta sai sun san an yi. Ashe ni ce na sangarta, na bar wa nama aikin da albasa da daddawa da haƙuri ya kamata su yi. To 'yar uwa ga abin da na koyo, ki gyara zama.

Cefane tukuna

In kina da hali ki riƙa shiga kasuwar Mile 12 ko sau ɗaya ne a sati biyu, da sassafe kafin go-silo ya kama hanyar Ketu, don can motocin arewa ke sauke tumatir da tattasai da attarugu da albasa, kuma yawancin masu kayan gwarin 'yan uwanmu ne, da Hausa za ki yi ciniki har a miki gyara. Kuka, kuɓewa busasshiya, daddawa, kanwa, busasshen zogale da rama, ƙuli-ƙuli, waken suya, waɗannan ki nema wajen mutanenmu a Agege ko Idi-Araba ko Obalende, duk inda ya fi miki kusa. Amma kar ki ce komai sai na arewa, za ki sha wahala a banza. Kusan duk abin da muke ci Yarbawa na da shi, suna ne kawai ya bambanta. Alayyafo shi ne efo tete, lalo ko ayoyo shi ne ewedu, attarugu ata rodo, kanwa kaun, alabo kuma ki ce a ba ki lafun. Daddawarsu iru sunanta, ita ma daga kalwar ɗorawa ake yinta, sai dai tasu ɗanya ce mai laushi ba a daka ta an busar kamar tamu ba, kuma tana da gishiri sosai, ki ɗauraye ta kafin ki zuba. Wake kuwa ki nemi oloyin, jan nan mai zaƙi-zaƙi, ya fi farin wake daɗi in za a ci shi ba nama.

Awo a nan ba mudu ba tiya, da gwangwanin derica ake yi da robar fenti, don haka ni ma da derica da gwangwanin madara zan riƙa faɗa miki awo.

Abu ɗaya game da dunƙule. In kina girka wa wanda kwata-kwata baya cin abin da ya shafi dabba ne, irin baƙin nan Indiyawa da wasu ke aiki da su, to ki karanta jikin ledar don wasu na ɗanɗanon kaza ne wasu na kirafish. In kuwa irin namu ne na sauƙin aljihu da lafiya, ba wani abu, sa abinki amma kaɗan.

Tushen komai, soyayyar albasa da daddawa

Wannan shi ne wajen da yawancinmu ke gaggawa kuma shi ne wajen da daɗin yake. Ki yanka albasa manya guda biyu, ba rabin albasa ba, guda biyu cif, sirara-sirara. Ki zuba manja ko man gyaɗa ludayi ɗaya a tukunya, wuta matsakaiciya, ki zuba albasar da ɗan gishiri ki yi ta juyawa lokaci-lokaci har minti goma sha biyar ko ashirin, sai ta yi laushi ta koma ruwan ƙasa tana ƙamshi kamar ana soya naman Sallah. Ba ƙonewa ba fa, in ta yi baƙi ɗaci za ta yi, zubarwa za ki yi ki sake. Daga nan ki zuba dakakkiyar daddawa cokali biyu a cikin man, ki bari ta soyu minti biyu, wannan warin nata da yara ke toshe hanci zai tafi ya bar ƙamshi zalla. Sai tafarnuwa da ɗanyar citta da kika jajjaga, sai kayan miya. Su ma kayan miyan ki fara tafasa markaɗen daban ruwansa ya tsotse kafin ya shiga mai, sannan ki soya har mai ya taso sama tsamin tumatir ya mutu. In kin kai nan to kin gama rabin aiki, ko wace miya za ki yi daga nan za ta tashi. Ni ranar Lahadi nake yin mai yawa in raba a ƙananan robobi, in akwai wuta in sa a firiza, in 'yan NEPA sun yi halin nasu sai in riƙa ɗumama shi safe da yamma, yana kai kwana uku lafiya lau tunda mai ya rufe samansa.

Miyar taushe

Ita na fara gwadawa don ita ce miyar da in ba a faɗa wa mutum ba ba zai lura ba nama ba. Ki samu kabewa wadda cikinta ya yi ja sosai, kamar rabin matsakaiciya, ki fere ki yanka manya-manya ki dafa da ruwa kaɗan har ta yi luguf, ki farfasa ta da bayan ludayi amma kar ki mayar da ita kunu, a bar 'yan gutsattsari a riƙa cin karo da su. Gyaɗa gwangwanin madara ɗaya, ki ɗan soya ta sama-sama a kasko ba mai, ki murje ɓawon ki fece ki daka ko ki niƙa a blanda. Dan Allah ki tsince gyaɗar da kyau, duk wadda ta yi fumfuna ko ta motse ki yar, danshin Legas na saurin lalata gyaɗa kuma mai fumfunar nan illa ce ga hanta ba ɗaci kawai ba.

Ki juye kabewar da ruwanta cikin soyayyen kayan miyanki, ki dama gyaɗar da ruwan ɗumi ki zuba, ki rage wuta ki bari su dahu tare minti goma sha biyar, kina leƙawa kina juyawa don gyaɗa akwai kama ƙasan tukunya. In kin ga mai ya fara tsattsafowa a gefe-gefe to gyaɗa ta dahu. Sai yakuwa 'yar kaɗan don tsami, in ba ki samu ba ki jiƙa tsamiya ki tace ki zuba cokali biyu, sai alayyafo mai yawa da lawashi a ƙarshe, minti uku kacal ki sauke, kar ganyen ya mutu ya yi baƙi. Da tuwon shinkafa ko waina, ni dai ban san me ya fi ta ba.

Awara, naman talaka

Nan zan daɗe don ita ce ke maye gurbin tsokar da yara ke nema a saman shinkafa, kuma ta gida ta fi ta saye nesa ba kusa ba. Waken suya derica biyu ya ishi gida mai mutum shida har a ajiye. Ki tsince tsakuwa ki wanke ki jiƙa. A gida arewa lokacin sanyi kwana ake bari ya yi a ruwa, amma a zafin Legas awa biyar zuwa shida ya isa, in ya wuce haka sai ya fara kumfa yana tsami kuma madarar ta tsinke tun kafin ki shirya. Na taɓa jiƙawa da daddare na kai markaɗe sai wajen sha ɗaya na safe, ranar asarar wake da kuɗin inji kawai na yi.

In ya jiƙa ki sake wankewa ki kai inji, ki tsaya a kai ki ce a wanke injin sosai don in an gama markaɗa attarugu ko tumatir aka zuba naki to tsaminsu zai ɓata miki aiki. Ki ɗiga manja cokali ɗaya a kan waken kafin a markaɗa, yana rage kumfa kuma tata ta fi sauƙi. Ya yi laushi sosai. Kin dawo gida sai ki ƙara ruwa, kamar ninki uku zuwa huɗu na ƙullun, ki tace da ƙyallen tatar koko, ki matse dusar ki sake zuba mata ruwa kaɗan ki sake matsewa. Dusar kar ki zubar, masu kiwon kaji da awaki na so, ni kuma nakan ɗebi kaɗan in haɗa da ƙullun ƙosai.

Ki juye madarar a babbar tukunya, babba fa, wadda madarar ba za ta wuce rabinta ba, don in ta tashi tafasa ba ta sallama, kina juya baya ta malale kan gas. Ki tsaya a wajen. Ta tafasa sosai kamar minti goma, wannan dahuwar ce ke kashe ƙarnin ɗanyen wake kuma ita ke hana ta ɓata ciki. Sai ki rage wuta can ƙasa ki kawo ruwan tsami. Ruwan tsami shi ne ruwan da ke kwanciya saman gasarar koko in ta kwana biyu ko uku, in ba kya yin kamu a gida ki je wajen Iya mai sayar da ogi, wato kamunsu na Yarbawa, ki ce ta ba ki omidun, sunan ruwan tsamin kenan a wajensu, wata ma kyauta za ta cika miki gora. In duk babu ki matse lemon tsami guda shida zuwa takwas ki surka da ruwa kofi ɗaya. Ki riƙa zubawa kaɗan-kaɗan kina zagaya tukunyar, kar ki juya da ƙarfi, ki ɗan motsa kawai ki jira. Za ki ga madarar ta fara dunƙulewa tana tasowa sama kamar gajimare, ruwan ƙasa kuma ya koma garai-garai mai ɗan rawaya. In ruwan har yanzu fari ne kamar madara to tsami bai isa ba, ƙara. In kika zabga da yawa kuma awarar za ta yi tauri ta yi tsami, shi ya sa na ce kaɗan-kaɗan.

A wannan gaɓar ne nake watsa jajjagen attarugu da albasa da ɗan gishiri a kai, sannan in kwashe da matsami in zuba a ƙyalle mai tsabta ko buhun da aka wanke, in ɗaure tam, in ɗora a kan faranti da aka karkata, in danne da turmi ko jarkar ruwa. Minti talatin in kina son mai laushi, awa ɗaya in ta miya ce da kike so ta riƙe jikinta. Ruwan da ya tsiyaye ki tara a gora ki ajiye kwana biyu, ya zama ruwan tsaminki na gaba, kin huta da roƙo.

Ki kwance ki yanka yadda kike so, ki tsoma a ruwan gishiri da dunƙule minti biyar, ki tsane ki soya a mai mai zafi har ta yi ja. In man bai yi zafi ba sha za ta yi ta yi nauyi. Daga nan zaɓi naki ne, ko a ci da yaji da kabeji haka nan, ko ki jefa ta cikin soyayyen kayan miyan nan ki ƙara ruwa rabin kofi ki rufe minti goma ta tsotsi romon. Wannan ta biyun ita ce nake ɗorawa a kan dafaduka ko farar shinkafa, autana har yau ce mata yake nama mai laushi kuma ban gyara masa ba.

Ɗan wake

Kowa da hannunsa a ɗan wake, wasu fulawa zalla suke yi, ni ban cika so ba don nauyi yake a ciki kuma sunan ma ai na wake ne. Nawa awon, garin wake gwangwanin madara biyu, alabo ɗaya, fulawa ɗaya, kuka cokali biyu a tankaɗe. Kanwa kamar girman ƙwayar dabino ki jiƙa a kofi tun da wuri ki tace ruwan saman ki bar yashin a ƙasa. Ki haɗa garin ki zuba ruwan kanwar kina kwaɓawa da hannu kina ƙara ruwa har ya yi danƙo, ya fi ƙullun ƙosai kauri amma bai kai kwaɓin cincin ba, in kin ɗaga hannu ya biyo ki yana ja. Launin zai koma kore-kore mai rawaya, alamar kanwa ta ji kenan, in ya yi duhu sosai yana warin sabulu to ta yi yawa, ki ƙara gari.

Ruwa ya tafasa a tukunya mai faɗi, sai ki jefa guda ɗaya tak ki gani. In ya nutse ya taso a dunƙule to bismillah, in ya watse ki ƙara kuka rabin cokali. Ki riƙa gutsura da yatsu kina jefawa ƙanana-ƙanana don yana kumbura, kin gama ki juya sau ɗaya a hankali kada na ƙasa ya kama, ki rufe rabi. Zai yi kumfa ya taso, ki yayyafa ruwan sanyi ya kwanta, haka har sau biyu ko uku, wajen minti goma sha biyar. Ki ciro ɗaya ki raba, in cikin ba fari-farin gari to ya yi. Ki tsame ki zuba a ruwan sanyi ki ɗauraye santsin, ki tsane, sai soyayyen man gyaɗa da albasa, yajin ƙuli, tumatir da kokwamba da kabeji, mai cin ƙwai ya yanka dafaffe a kai.

Garau-garau ba sai na koya wa 'yar Hausa ba, abin da kawai zan ce ki ba wake minti ashirin shi kaɗai kafin shinkafa ta shiga, kuma ki soya albasa a man har ta yi ƙurus-ƙurus. Kwaɗon zogale ko rama ma haka, ki dafa ganyen ki matse, rama ki zubar da ruwan farko don tsami, ki daka ƙuli da barkono da gishiri ki dama da ruwa kaɗan ki cakuɗa da albasa da tumatir. Ƙulin ne dai matsala a garin nan, kwana uku a leda ya yi sanyi ya fara wari, don haka ki saya kaɗan ko ki zuba a kwalba mai murfi.

Wata magana a gefe kafin in shiga kayan marmari. In gidanku an bar nama gaba ɗaya to kar a bar nono da madara da ƙwai su ma, akwai sinadarin B12 da ba a samunsa a wake ko ganye, kuma jiki na buƙatarsa don jini, musamman mai ciki da mai shayarwa da yara. Sannan ki riƙa matsa lemon tsami a kan wake da ganye, yana taimaka wa jiki ya ɗebi sinadarin ƙarfen da ke cikinsu, shayi kuma a ɗan jinkirta shi bayan cin abinci.

Bin lokaci

Nan ne sauƙin aljihun yake. Legas ba kamar gida ba ce, damina na farawa tun wajen Maris ko Afrilu ta kai har Oktoba, ruwa ya fi ƙarfi a Yuni da Yuli, a ɗan sarara a Agusta, hunturun kuma ɗan leƙowa yake yi a Disamba da Janairu ya gudu. Kowanne da abin da yake zubarwa a kasuwa.

Daga Janairu zuwa Maris tumatirin noman rani na arewa ke cika Mile 12, to lokacin ne za ki haɗa kuɗi da maƙwabta ku sayi kwando ku raba. Ki markaɗa ki dafa har ya zama kamar na gwangwani, ki zuba da zafinsa a kwalaben da kika tafasa, ki rufe samansa da mai, ko ki daskarar in wutarku na da amana. Don daga Mayu zuwa Yuli tumatir sai mai kuɗi, wanda ya ga 2016 lokacin da tsutsar nan ta cinye gonakin tumatir a arewa ya san me nake faɗa. In abin ya yi tsanani ki koma miyar gyaɗa da kuka da kuɓewa da lalo, ba ruwansu da tumatir, ko ki markaɗa tattasai da albasa da dafaffen karas, launin da zaƙin duk za su fito. Fasasshen tumatirin nan mai araha da ake ce wa esha kuwa ni bana saye in har ya fara fari-fari a jiki.

A lokacin rani ne kuma agwaluma ke fitowa, tun Disamba har wajen Afrilu, Yarbawa na ce mata agbalumo. Ta farkon lokaci tsami kamar me, ki jira ta Fabrairu. In kin gaji da tsotsa ki yi lemonta, guda goma ki wanke ki ɓare ki kwashe naman da 'ya'yan ki zuba ruwan ɗumi kofi huɗu ki bari awa ɗaya, ki murje da hannu ki tace, ki sa ɗanyar citta da zuma ko sukari ki sanyaya. Ki shafa ɗan mai a yatsunki kafin ki fara don danƙonta akwai naci.

Zafi na tsananta wajen Maris da Afrilu sai mangwaro ya sauko, na Ogbomosho da na Binuwai, har ana bin mutum da shi a tire. Wanda ya nuna luguf da ba a son saye shi za ki karɓa da araha, ki yanke naman ki niƙa da yogot ko kindirmo da 'yar citta, ki ɗura a ƙananan ledoji ki jefa firiza, yara sun dawo makaranta kowa ya ɗauki ɗaya, kuɗin askirim ya zauna a jaka. Zoɓo kuma ki daina zubar da ɓawon abarba, ki wanke shi tas ki tafasa tare da zoɓon da citta da kanumfari minti ashirin, sukari sai bayan kin tace. Kunun aya ne mai rigima, busasshiyar aya derica ɗaya ki jiƙa ta kwana kina canza ruwa, ki markaɗa da kwakwa ɗaya da dabino kamar goma sha biyar da aka cire wa ƙwallo da citta, ki tace da ruwan sanyi ƙarara, amma ki sani a zafin Legas in ba firij awa uku zuwa huɗu ya fara yauƙi yana tsami, don haka ki yi daidai shan lokacin, in ba wuta ki sayi ƙanƙara ki nutsa gorunan a kula.

Damina kuwa ta masara ce, daga Mayu duk kwanar da kika bi hayaƙin gasa masara ne. Ki zaɓi wadda in kin soka farce a ƙwayar ruwa fari ya fito, kuma ki dafa ranar da kika saya don kwana ɗaya zaƙinta ke raguwa. Abokin cinta a nan shi ne ube, wani ɗan itace mai launin shuɗi-baƙi kamar atili amma ya fi shi girma, ki zuba masa ruwan zafi ki rufe minti biyar, kar ki tafasa shi a wuta zai narke, ko ki ɗora a gefen garwashi, ya yi laushi kamar man shanu ki barbaɗa gishiri. Na daɗe ina ƙyamarsa sai da maƙwabciyata Iya ta matsa min, yanzu ni ke fara tambaya ko ya fito. Ita ce ma ta koya min adalu, wato wake da masara. Ki ɓare ɗanyar masara guda huɗu ki fara dafa ta minti ashirin, ki zuba wake oloyin derica ɗaya da albasa, su dahu har waken ya fara farfashewa, sannan ki zuba manja da soyayyen kayan miyan nan ludayi biyu da iru, ki rage wuta ya yi kauri. Ana ruwan sama kina ci da zafinsa, sai barci.

Wajen Yuli zuwa Satumba ɗanyar gyaɗa, ki wanke ƙasar ki dafa da ɓawonta da gishiri mai ɗan yawa minti arba'in, ki bar ta cikin ruwan ta huce gishirin ya shiga. Sabuwar doya ma lokacin take shigowa, ruwa ne da ita ba ta yin sakwara mai kyau, amma fate kam ba a magana, ki yanka ƙanana ki jefa a kayan miya da manja da daddawa, ta fara narkewa ki farfasa rabi ki zuba ugu ko alayyafo ki sauke.

Na bar kwakumeti a ƙarshe don ita ba ta da lokaci a nan, kwakwa ce da mu har ta yi yawa, ta Badagry na shigowa kullum. Ki girgiza ki ji ruwa a ciki kafin ki biya. Guda biyu ki fasa ki ɓanɓare ki kankare baƙin bayan in kina son ta yi haske, ki goge a magogi ta ɓangaren manyan ƙofofi. Ki zuba sukari gwangwanin madara ɗaya a tukunya da ruwan kwakwar rabin kofi da ɗan gishiri, ya narke ya fara kumfa sai ki juye kwakwar, wuta matsakaiciya, ki yi ta juyawa da muciya ba tsayawa. Da farko za ta fitar da ruwa ki ga kamar ba za ta yi ba, ci gaba, wajen minti ashirin ruwan zai ƙafe ta fara danƙo tana canza launi, da ta yi ruwan zuma ki sauke nan take don tsakanin ja da ƙonewa ko minti ɗaya babu. Ki juye a tiren da kika shafa wa mai, ki jira ta ɗan huce yadda hannu zai iya taɓawa, ki shafa mai a tafinki ki mulmula ƙanana ko ki baza ki yanka da wuƙa. Ta huce gaba ɗaya sai ki zuba a kwalba ki rufe gam, kar ki bar ta a faranti ta kwana a buɗe, iskar garin nan za ta sa ta yi laushi ta manne da juna kafin asuba, in ma tururuwa sun bar miki wani abu.